Daga Baitulmali zuwa Asusun Haɗin Gwiwa: Rabon Masu Taɓin Hankali da Marasa Galihu a Kudancin Katsina

Rumbun ƙasar Katsina a kudu yake. Daga Malumfashi da Ƙafur a gangara Bakori da Ɗanja, a bi ta Funtuwa a ɓulle Ɗandume da Sabuwa da Faskari, ruwan damina ya fi na arewa yawa, ƙasar kuma tana riƙe danshi. Nan ake noma auduga da masara da dawa da waken suya, nan manyan motoci ke yin layi a kasuwar Ɗandume suna lodin hatsi zuwa Kano da Legas. Fiye da shekara ɗari ke nan dukiya tana fita daga wannan yanki zuwa inda ake mulki. Abin da ya dame ni shi ne yadda take dawowa, da kuma wanda take tararwa idan ta dawo. Akwai mutanen da ba su iya zuwa sakatariya su nemi haƙƙinsu: mai taɓin hankali, mai farfaɗiya, tsohuwar da 'ya'yanta suka mutu suka bar ta, marayan da ba shi da kawu mai hali. Tarihin rabon kuɗin hukuma a wannan yanki, idan aka dube shi ta wajen waɗannan bayin Allah, tarihi ne na nauyin da aka yi ta ɗora wa na ƙasa, kuɗin ɗaukarsa kuma ana riƙe da su a sama.

Kafin zuwan Turawa, jinyar wanda hankalinsa ya gushe tana wuyan gidansu. Idan abin ya fara, sai a ce iska ce, ko an yi masa sammu, ko gado ne. A je wajen malam a karɓo rubutun sha da tofi, a je wajen boka a karɓo sassaƙe da turare, a gidajen Maguzawa da ma wasu gidajen Musulmi a kira 'yan bori a yi girka. Wanda ya lafa, a bar shi ya ci gaba da zama cikin mutane, ya yi ɗan noma ko kiwo. Wanda yake duka ko yake neman shiga daji, a sa masa mari. Ba zaman jin daɗi ba ne, kuma bai kamata a yi masa kwalliya ba. Amma akwai abin da ke tallafa wa gidan: zakkar hatsi da ake fitarwa da kaka, sadakar Juma'a, da tsarin da nakasassu suka yi wa kansu na sarkin makafi da sarkin kutare da sarkin guragu, waɗanda ke da bakin magana a fada. Malaman jihadi ma, Shehu Usmanu da Sarkin Musulmi Bello, sun yi rubutu a kan cewa dukiyar baitulmali amana ce wadda masu rauni ke da haƙƙi a cikinta.

Baitulmalin zamani kuwa a Katsina aka fara shi a duk Arewa. A farkon sarautar Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau a 1906, Bature Richmond Palmer ya shirya tsarin da za a riƙa zuba haraji da jangali a asusu ɗaya, a rubuta shiga da fita, a yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi. Zuwa 1911 tsarin ya bazu zuwa sauran masarautu. Da farko rabi ne na gwamnatin Turawa, rabi na En'e. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, Sarkin Maska daga Funtuwa, Galadima daga Malumfashi, su kuma su aika birni. Daga birni ake yanke shawarar abin da za a yi da kuɗin, kuma mafi yawansu a albashi da 'yan doka da gidan yari da gine-ginen hukuma suke ƙarewa. Abin da ya rage shi ake yin rijiya da makarantar elementare da asibitin sha-ka-tafi da shi a garuruwan hakimai.

A daidai wannan lokaci kudu ta zama gidan kuɗi. A ƙarshen shekarun 1920 aka shimfiɗa dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda. Kamfanin auduga na BCGA ya kafa injin gurza a Funtuwa, aka buɗe gonar iri a Daudawa, baƙi suka yi ta kwararowa daga ko'ina, ƙauyen da ke ƙarƙashin inuwar tsohuwar Maska ya zama babban gari. Manomin auduga yana biyan haraji da kuɗin da ya samu a kasuwar kaka, daga baya kuma, da aka kafa hukumomin ciniki, ya riƙa biyan wani harajin da ba a kira shi haraji ba. Hukuma ce ke yanka farashi ƙasa da na kasuwar duniya, rarar kuma ta tafi Kaduna. An yi ayyukan alheri da wannan rara, ba a musu, domin da irinta aka gina manyan cibiyoyin Jihar Arewa. Sai dai ba a taɓa zama an auna abin da gunduma ta bayar da abin da ya komo mata ba.

Mai taɓin hankali fa? Dokar da Turawa suka kafa a 1916 ba ta dube shi a matsayin majinyaci ba, ta dube shi a matsayin wanda za a tsare don kada ya dami jama'a. Gidajen da aka tanada, na Kalaba da na Yaba, suna can bakin teku. A Arewa, wanda ya gagari danginsa sai alƙali ya tura shi gidan yarin En'e, a ware masa ɗaki kusa da ɓarayi. Likitoci biyu da gwamnatin Ingila ta aiko su duba lamarin, Cunyngham Brown a shekarun 1930 da Carothers a tsakiyar shekarun 1950, duk sun rubuta cewa halin da ake ciki ba shi da kyau. Canjin gaske ya zo daga ɗan ƙasa, Farfesa Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya fara kwantar da majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abekuta, kowa tare da ɗan'uwansa mai jinya, har yana aiki da masu maganin gargajiya. Duniya ta yaba wa wannan tsari. Tsari ne da ya dace da zaman Bahaushe ƙwarai, tun da mu ma ba mu san a kai mutum asibiti a juya masa baya ba. Amma bai ƙetaro Kwara ba. Dokar 1916 kuwa aka yi mata 'yar kwaskwarima a 1958, ta zauna daram har shekara sittin da 'yan kai.

Idan akwai lokacin da kudancin Katsina ya ga kuɗi sun juyo gida, shekarun 1970 ne. A 1975 Bankin Duniya da gwamnati suka fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan tare da na Gusau da na Gombe. Aka yi hanyoyin karkara, aka yi madatsun ruwa, aka buɗe cibiyoyin sayar da taki. Hukumar auduga ta ƙasa ta kafa hedikwatarta a Funtuwa, masaƙa ta biyo baya. A Malumfashi kuma asibitin garin ya shiga cikin asibitocin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, tare da na Zariya da na Kaduna, ɗaliban likitanci suna zuwa suna zama cikin ƙauye suna koyon aiki. Masana daga makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool suka haɗa kai da jami'ar, suka yi shekaru suna ƙirga masu tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da waɗanda kububuwa ta sara. Masani Murray Last ya zauna cikin Maguzawan yankin daga 1969, Lewis Wall ya biyo bayansa ya rubuta littafi a kan maganin Hausa wanda ya fito a 1988. Ƙauyukan Malumfashi sun shiga mujallun likitancin duniya fiye da manyan birane da yawa. Abin da waɗannan rubuce-rubuce suka nuna, kuma kowa a nan ya sani, shi ne gida ne ke ɗauke da jinya, mata ne kan gaba wajen ɗaukarta, asibiti kuwa wuri ne da ake zuwa bayan an gaji. An samu ilmin, an buga shi. Ba a mayar da shi layi a cikin kasafin kuɗi ba.

Sai gyaran 1976, wanda ya rushe En'e ya kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa, aka ce za su riƙa samun kaso daga asusun tarayya. Shekara uku bayan haka, a 1979, Gwamna Balarabe Musa na tsohuwar Jihar Kaduna ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Duk wanda ya ji labarin yadda ake shanya magidanci a rana a ƙofar dagaci saboda ya kasa biya, ko yadda mutum ke gudun gari da iyalinsa a lokacin karɓa, zai san cewa an yi wa talaka gata. Ina cikin masu ganin haka har gobe. Amma wani abu ya tafi tare da harajin ba a lura ba. A da hukuma tana buƙatar ta san kowane magidanci da sunansa, domin daga hannunsa take ci. Daga 1979 abincinta ya koma zuwa daga man fetur, ta hanyar Legas, daga baya Abuja. Ba ta da sauran dalilin ƙirga mutanenta, balle ta san gidan da aka ɗaure wani a turke.

Ranar 23 ga Satumba 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina da ƙananan hukumomi bakwai, Funtuwa da Malumfashi suna ciki. Kafin shekara goma sun zama 34. Daga tsohuwar Funtuwa aka fitar da Bakori da Faskari da Ɗanja da Ɗandume da Sabuwa, daga Malumfashi aka fitar da Ƙanƙara da Ƙafur. Kowace sabuwa ta zo da sakatariyarta da ciyaman da kansiloli da motoci. A wannan zamani ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya damƙa kiwon lafiya na matakin farko a hannun ƙananan hukumomi, kuma a 1991 aka fitar da manufar ƙasa wadda ta ce lafiyar ƙwaƙwalwa tana cikin ayyukan wannan mataki. Ma'anarta, malamin asibitin Kadisau ko na Dayi ya iya gane farfaɗiya da ciwon damuwa, ya ba da magani, ya san wanda zai tura gaba. Takardar ta yi daidai. Ba a horar da malaman ba, ba a kai magungunan ba. Gwamnatin Babangida ta ɗaga kason ƙananan hukumomi har ya kai kashi 20 cikin ɗari, ta kuma tura musu kai tsaye, amma ta haɗa musu da albashin malaman firamare, wanda ya cinye kason da yawa daga cikinsu, wasu shugabannin kuma suka yi wadaƙa da sauran. Masu ganin cewa da zarar kuɗi sun sauka a sakatariya an gama, ya kamata su tuna da wannan zamani.

Tsarin mulkin 1999 shi ya ɗaure ƙullin da muke fama da shi. A jadawalinsa na huɗu ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki har da kafa gidajen kula da gajiyayyu da marasa galihu, da sa hannu a harkar lafiya. A sashe na 162 kuma ya ce kuɗinta su bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Aiki na ciyaman, mabuɗin asusu na gwamna. Kafin kason wata ya iso Malumfashi an cire albashin malamai, an cire fansho, an cire na masarauta, an cire na ayyukan da ake kira na haɗin gwiwa. Abin da ya saura ya biya ma'aikata. Sashen walwalar jama'a, inda ake sasanta ma'aurata, ake karɓar jaririn da aka tsinta, ake neman dangin mahaukacin da ya ɓata, shi ne na ƙarshe a layi. Wannan ba halin jam'iyya ɗaya ba ne, kuma ba halin ɗan wata shiyya ba ne. Aminu Bello Masari ɗan Ƙafur ne, ya yi shekara takwas yana gwamna, kuma a zamaninsa ne aka rushe zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomi a 2015, matakin da Kotun Ƙoli ta ce a 2021 ya saɓa wa doka. Sai a Afrilun 2022 aka sake zaɓe. Shi ya sa nake ganin masu fafutukar a ba wannan yanki Jihar Karaɗuwa, duk da cewa kokensu na nisa da cibiya gaskiya ne, za su iya samun jihar su kuma gaji wannan ƙulli yadda yake.

A duba ma'aunin rabon kansa. Daga asusun tarayya, gwamnatin tsakiya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma 20.60. Wajen rarraba shi a tsakaninsu, kashi 40 ana yin raba-daidai ne, kashi 30 bisa yawan jama'a, sauran a bi faɗin ƙasa da ƙoƙarin tara kuɗin shiga da abin da ake kira ci gaban zamantakewa. Yawan jama'ar ma na ƙidayar 2006 ne, lokacin da aka ce Funtuwa na da mutum sama da 225,000, Malumfashi sama da 180,000. Yaron da aka haifa a shekarar ƙidayar yau magidanci ne. Babu inda ma'aunin ya tambayi ƙauyuka nawa aka tasa, zawarawa nawa aka bari, mutum nawa suka kwana a hannun 'yan bindiga.

Wannan tambaya kuwa ita ce ta yau. A watan Yunin 2020 aka kashe gomman mutane a Kadisau ta Faskari a yini ɗaya. Ranar 11 ga Disamba na shekarar aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar. A Agustan 2025 aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a masallacin Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi. Tsakanin waɗannan da suka shiga labarai akwai ɗaruruwan da ba su shiga ba. Bayan an yi jana'iza, manya sun zo jaje da buhunan shinkafa sun tafi, akwai matar da ba ta ƙara yin barci ba, da zarar ta ji ƙarar babur sai jikinta ya ɗauki rawa. Akwai yarinyar da aka karɓo bayan an sayar da gona, ta dawo ba ta magana. Akwai magidancin da ya saba ciyar da mutum ashirin, yau yana raɓe a kangon wani a Funtuwa, yana zaune shiru tun safe har dare. A ce musu su yi haƙuri, su yi ta addu'a, kuma suna yi. Amma waɗannan cututtuka ne da likitoci suka sani, suna da magani, mafi yawan magungunan ma ba masu tsada ba ne. A gefe guda ga matasan da ƙwaya ta lalata. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya, a shekarar ne kuma aka hana maganin tari mai kodin.

Ina ake kai su? Mai hali ya ɗauki shatar mota zuwa asibitin Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano, ko ya nufi birnin Katsina, tafiyar kusan kilomita 200 daga Funtuwa. Ba zuwa ɗaya ba ne, ciwo ne mai neman a riƙa komawa wata-wata, da mai rakiya ɗaya ko biyu, a kan hanyar da ake tsoro. Gida nawa ne za su jure wannan? Likitocin ƙwaƙwalwa a duk ƙasar ba su kai 300 ba. Wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 ya nuna kashi 3.3 kacal na kasafin lafiya na tarayya ke zuwa wannan fanni, fiye da kashi 90 na wannan ɗin kuma a manyan asibitocin birane yake tsayawa. Da 'yan sanda suka fasa gidajen mari a Rigasa da Daura da Katsina a 2019, aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa da tabo a baya, kowa ya yi tir, kuma abin tir ne. Sai dai iyayen da suka kai 'ya'yansu can da hannunsu, har suna biyan kuɗi, ba ƙiyayya ta sa su ba. An rufe gidajen ba a buɗe musu wata ƙofa ba, marin kuwa ya koma cikin ɗakunan bayan gida inda babu mai gani.

Ba na cewa arewacin jihar a wadace yake. Jibiya da Batsari da Safana sun sha abin da Faskari da Sabuwa suka sha, gabashin Daura kuma na fama da fari da yunwar yara. Adalcin da nake nufi shi ne kuɗi su bi nauyi duk inda yake. An taɓa yin wannan gyara a wani wuri. A 1976, shekarar da muka kafa ƙananan hukumomi, Ingila ta gano cewa kuɗin lafiyarta suna taruwa a Landan saboda can manyan asibitoci suke tun asali, sai ta fito da ma'aunin da ke duba yawan jama'a da shekarunsu da yawan mace-mace a kowane yanki, ta yi shekaru tana karkata rabon a hankali. A nan gida ma, Jihar Binuwai ta haɗa kai da cocin Methodist da ƙungiyar CBM tun 2011, aka horar da ma'aikatan jinya da na asibitocin karkara, aka buɗe wuraren duba masu taɓin hankali a ƙananan hukumomi. Abin da Binuwai ta iya, shiyyar da ke da manyan asibitocin gwamnati a Funtuwa da Malumfashi da Ƙanƙara za ta iya.

Dokokin ma yanzu akwai su. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya na matakin farko, da burin a samu asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa, Katsina kuwa tana da mazaɓu 361. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta amince da haƙƙin majinyaci, ta kuma tanadi asusu na musamman. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli, a hukuncin da Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma kada a ba kantomomin da ba zaɓaɓɓu ba. Fiye da shekara guda bayan hukuncin, ana ta jan ƙafa a kan buɗe asusu a Babban Banki, kuɗin kuma suna bin tsohuwar hanya a mafi yawan jihohi.

Ko kuɗin sun iso gobe, sai an sa musu suna. Majalisar dokokin jiha tana da ikon ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma layi na musamman a kasafinta don lafiyar ƙwaƙwalwa da walwalar jama'a, a liƙa shi a bangon sakatariya kowa ya karanta. Gwamnatin jiha tana da ikon ta ƙara nata kason a kai, ta auna shi da yawan 'yan gudun hijira da zawarawa da nisan gari daga likita. Lissafin farko ba ya buƙatar jiran ƙidayar ƙasa. Masu unguwanni da dagatai da limamai da ungozomomi na Bakori da Ƙafur da Sabuwa sun san gidajen ɗaya bayan ɗaya, kuma hakimansu na iya tattara sunayen cikin wata guda idan aka nema.